Shekara Nawa Take Yi a Kunne?

Samarin Tanut da ke haɗa kai a kan salula guda suna kallon wasan manyan mawaƙan duniya sun daɗe suna gardama a kan wani ɗan abu da ke maƙale a kunnen mawaƙi, da siririyar waya da ta bi bayan wuyansa ta shige riga. Wasu sun ce ta nan ake karanto masa baitin da ya manta. Wasu sun ce yawan kiɗa ne ya kurumtar da shi. Wani dattijo a tashar motar Balbeji, da aka nuna masa, cewa ya yi shi dai a iya saninsa mata ne ke sa abu a kunne. Mai maganar kurumta ya fi kowa kusa da gaskiya, sai dai ya kifar da ita. Ba don ya kurumce ya sa ba, don kada ya kurumce ne.

Lasifika ce 'yar mitsitsiya, ta nan mawaƙi ke jin muryarsa da kiɗan abokansa, tana kuma toshe masa hayaniyar fili. Akwai ta kowa da kowa, mai bakin roba, akwai kuma wadda ake ƙerawa daidai da ramin kunnen mutum ɗaya, ba ta shiga kunnen wani, ko da ɗan'uwansa ne ciki ɗaya. Ta biyun ce mai tsada. Mai sauƙi a cikinsu takan kai dalar Amurka 400, manyan kuwa sukan haura 2,000, wato daga wajen jika 250 har a wuce miliyan guda na sefa. Kuɗin raƙumi sukutum a cikin kunne.

Ɗan ƙanwata yana kaɗa jita a bukukuwan aure a Damagaram, kuma shi ya fara jawo hankalina ga wannan abu. Ba saye zai yi ba, ina ya ga kuɗin, amma tambayarsa ta ɗan Damargu ce tsantsa. Ya ce, "Kawu, in mutum ya zuba wannan dukiya, shekara nawa za ta yi masa?" Na daɗe ina juya tambayar, don amsa biyu gare ta, kuma ba su jitu ba. Akwai shekarun da abin zai yi yana aiki, akwai shekarun da zai yi yana zaune daram a kunnen mai shi. Na farko sun fi na biyu tsawo.

Ni na tashi a Damargun da babu ƙarar da ta fi tsawa, daga ita sai kukan jaki, sai luguden mata da asuba, sai ganga ranar salla. Mawaƙi a lokacin ba ya neman a dawo masa da muryarsa, don ba abin da ya ƙwace ta. Mai kalangu yana gefensa, 'yan amshi suna bayansa, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa. Ko a ƙofar fadar Damagaram, inda kakaki da algaita ke tashi tare, fili ne buɗaɗɗe, sautin yakan fita ya bi iska. In mai waƙa ya ji muryarsa tana neman ɓace masa, tafin hannu yake ɗorawa a kunne. Ladan ma yatsu yake sawa in zai kira salla, abin da aka gada tun daga Bilal. Duk wanda ya gwada ya sani: in ka toshe kunne ka yi magana, muryarka takan cika maka kai, don ta ƙasusuwan kai take biyowa.

Abin kunne na farko da na sani shi ne ɗan farin nan guda ɗaya mai waya da ke zuwa da ƙananan rediyoyi. Tsofaffi kan sa shi da dare su kama BBC ko Kaduna ba tare da sun tashi gida ba. Girmansa ɗaya ne ga kowa, ya kan zame ya faɗi, a ɗauka a hure a mayar. Daga baya lasifika mai faɗin baki ta zo da batirin mota, aka ɗaure ta a kan itace ranar biki. Sai gurub, injin ba da wuta, ya zo, sai jita mai lantarki irin ta mutanen Agadas, sai akwatunan sauti da suka fi yaro tsawo. Yau a biki ana ƙure murya har sai akwatin ya fara kakari, kuma a wurin jama'a wannan kakarin shi ne alamar biki ya yi biki. Mai waƙa yana tsaye taku biyu daga akwatin, ba ya jin abin da ke fita daga bakinsa, sai ya ƙara ihu. Ɗan ƙanwata ya ce in ya dawo daga wasa yakan kwana kunnensa na tsuwwa. Wannan tsuwwar ba gajiya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba yana jure ƙarar da ta kai ma'auni 80 na desibel har awa 40 a mako, kuma duk ƙarin 3 da aka yi, lokacin yakan ragu da rabi. A gaban akwatin biki ana kaiwa 100, inda abin da ya rage wa mutum mintoci ne. Gashin ji da ke can cikin kunne in ya mutu ba ya sake tsirowa.

Mawaƙan Turai da Amurka sun riga mu faɗawa wannan rami. Da filayen wasa suka girma a shekarun 1960, sai aka riƙa jera akwatuna a gaban mawaƙa suna fuskantarsu. Kowa ya ce a ƙara masa nasa, mai ganga ya ce a ƙara, mai jita ya ce a ƙara, dandamali ya zama wurin faɗa. A farkon shekarun 1980 wani mai haɗa sauti a Amurka, Marty Garcia, ya fara ƙera wa mawaƙa lasifikar da ke shiga kunne. A 1995 Jerry Harvey, wanda ke haɗa sauti wa ƙungiyar Van Halen, ya ƙera wa mai gangarsu Alex Van Halen wata mai lasifika biyu a ciki, ɗaya ta sauti mai kauri ɗaya ta siriri, saboda ya kasa jin abokansa a cikin hayaniya. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali.

Yadda ake awon ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan amsar tambayar take. Masanin ji yakan leƙa kunne tukuna, ya tabbatar babu dauɗa ko ciwo. Sai ya tura ɗan soso mai zare can ciki don ya kare dodon kunne. Ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, kwana biyu gare shi, kuma ana so awon ya wuce kwana ta biyu. Sai ya ɗura wata roba mai laushi da sirinji har ta cika ramin da kwarin kunnen waje, a jira 'yan mintoci ta daskare. Mawaƙi akan ba shi wani ɗan abu ya ciza, bakinsa ya zauna a buɗe, domin gaɓar muƙamuƙi tana jingine da bangon ramin kunne. Sa ɗan yatsa a kunnenka ka buɗe baki, za ka ji wurin yana motsi. Wanda aka auna da baki rufe, ranar da ya wangame baki zai ja dogon baiti, iska za ta sami hanya. Da can robar ake aikawa kamfani a kwali. Tun farkon shekarun 2000 aka fara ɗaukar siffarta da na'ura a adana a kwamfuta, inji ya fitar da kwanson daidai da ita.

To, shi kwanson, in na roba mai tauri ne, ba ya ruɓewa, ba ya canza siffa. In bai faɗi a kan siminti ba, ba a taka shi ba, zai haura shekara 10 yana nan yadda yake. Mai laushi ya fi daɗin sawa kuma ya fi bin motsin muƙamuƙi, amma yakan yi ja-ja, ya taurare ko ya yage da wuri. Wayar ce ke fara mutuwa, shi ya sa ake yin ta mai cirewa. Abokan gabar ƙananan lasifikokin ciki su ne dauɗar kunne da gumi. Ramukan da sauti ke fitowa ba su fi kaurin tsinke ba, da zarar dauɗa ta toshe ɗaya sai sautin ya dushe, mai ita ya ɗauka ta mutu. A ƙasarmu bushewar iska taimako ce, danshi ba zai ci ta ba yadda yake yi a Kwatano ko Legas. Sai dai ƙurar hunturu in ta haɗu da maiƙon kunne takan zama laka, zafin watan Afrilu da Mayu kuma, da ke haura 40, ba ya raga wa roba da gam in aka bar su a cikin mota.

Duk wannan gyara yake so, kuma yana gyaruwa. Kunnen ne ba ya tsayawa. Kashin waje na ramin guringuntsi ne da fata da ɗan kitse, ba ƙashi ba. A 1995 wani likita a Ingila, James Heathcote, tare da abokan aikinsa suka auna kunnuwan mutum 206 da suka haura shekara 30, suka buga sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya: fatar kunne tana ƙara tsawo da kimanin milimita 0.22 kowace shekara. Kunnen waje suka auna, amma ya isa ya nuna cewa nama ne mai rai, yana saki da shekaru. In mutum ya rame ko ya yi ƙiba sosai, ramin yakan bi shi. In aka cire masa turame, zaman muƙamuƙinsa ya canza, kunnen ma ya ji a jikinsa. Mai ciki takan ga nata ya matse. Shi ya sa masu ƙera lasifikar kan ce babba ya sa ran shekara 4 ko 5 kafin ya sake duba zamanta, wasu su wuce haka nesa, wasu ba su kai ba. Matashin da bai gama girma ba kuwa akan ba shi shawarar ya dakata.

Kuma ba ta sanarwa in ta fara sakewa. Mai zama daram tana rage hayaniyar waje da kimanin desibel 25. Da zarar 'yar kafa ta buɗe, sauti mai kauri ne ke fara zurarewa, kiɗan ya zama sharaf, hayaniya ta shigo. Mawaƙi ya miƙa hannu ya ƙara murya. Wani ya cire ɗaya ya bar ɗaya, ya ƙure wadda ta rage don ta rinjayi fili. Abin da aka saya don kare kunne ya koma yana cin kunnen, alhali a ido sabo ful yake.

Da na kai nan sai na ga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Damargu rumbun Abzin ce tun kafin Nasara. Ayarin Kel Owe kan je Bilma da Fashi su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro nan su musanya da hatsi, wasu su zarce Damagaram da Kano. Da irin wannan ayarin gishiri Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya iso Damargu a watan Janairun 1851, a Tagelal shi da abokan tafiyarsa suka fara rabuwa. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a bayan raƙumi sun san sirdi ciki da waje. Sirdin hawa irin na Abzin ba a kan tozo ake ɗora shi ba, a gabansa ne, kan kafaɗu, mahayi ya miƙe ƙafafunsa a wuyan raƙumin. Maƙeran Buzaye ke sassaƙa shi, su lulluɓe da fata, su yi masa ado. Icen yakan yi zamanin mutum har ɗansa ya gada. Zamansa a bayan raƙumi kuwa ba ya cika shekara. Raƙumin da ya sha kiwon damina, tozo ya cika, kafaɗa ta yi nama, ba shi ne wanda ya dawo daga Bilma haƙarƙari a waje ba. Sirdi ɗaya, raƙumi ɗaya, amma wanda ya zauna lafiya da kaka zai ci baya da bazara.

Ina yaro na sha tsayawa ina kallon wani Buzu abokin mahaifina yana sauke sirdi. Ba ya ajiye shi ya tafi. Sai ya bi wurin da tafin hannu a hankali, yana neman inda ya fi zafi, inda gashi ya kwanta ba daidai ba, inda raƙumin zai ɗan noƙe. In ya samu, ya warware shimfiɗar ƙasa, ya ninka wani ƙyalle ya ƙara a gefe ɗaya, ya rage a ɗayan. In abin ya fi ƙarfin ƙyalle, ranar kasuwa ya kai wa maƙeri ya sassauta nan ya kankare can. Ya san in ya yi sakaci miki zai fito, hankaki su samu wurin sauka, raƙumi ya yi watanni ba ya aiki. Ba wanda ke tambayar maƙeri shekara nawa sirdi zai yi, domin cinikin ba ya ƙarewa ranar da aka biya. Mai yin abin yana nan, ana ganinsa kowace kasuwa.

Haka kusan komai namu yake a lokacin. Baduku zai sa ka taka fata ya zagaye ƙafarka da wuƙa. Maƙerin farfaru zai auna yatsa da zare. Talaka ma da awonsa yake sa kaya, ba don gata ba, don babu wani iri. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, mota ta karɓe kaya daga raƙumi, kasuwa ta cika da takalman roba masu lamba. Da salula ta bazu a shekarun 2000, abin kunne ya zama kayan tire, ana sayar da shi tare da caja da katin waƙoƙi a Tanut da Bakin Birji da Gangara. Ba ya kai jika. Kunne ɗaya ke fara mutuwa, yaro ya ci gaba da ɗayan yana murɗa wayar, in ta ƙare ya yar ya sayi wani. Ba na kukan wannan. Takalmin roba ya rufe ƙafafun da da can ƙaya ke ci, salula kuma ta sa manomi ya san farashin hatsi kafin ya ɗaure buhu. Amma mun saba da abin da ba a komawa wurin mai yinsa, har mun manta akwai abin da ba ya yiwuwa sai da komawa. A daidai lokacin ne masu kuɗin duniya ke biyan miliyan don a auna su.

Da a kan mawaƙa kaɗai maganar ta tsaya, da ban ɓata tawada ba. Mawaƙin da ke da kuɗin sayenta yana da kuɗin sake ta. Kamfanoni kan ba da wata ɗaya zuwa uku na gyara kyauta, bayan shekaru kuma ana iya sake kwanson a mayar da kayan ciki. Masu buƙatar abin da aka auna da kunne a Damargu ba su taɓa hawa dandamali ba. Yara ne.

Muna tsakiyar yankin sanƙarau. A annobar 1996 mutum sama da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ta karya lagon nau'in da ya fi kisa a da, amma wasu nau'o'in sun taso. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Ana ƙirga matattu, ba a cika waiwayar waɗanda suka tashi ba, alhali cikin kowane biyar da suka tsira ɗaya yakan fita da tabo, kuma raunin ji yana kan gaba. Ga ƙyanda, ga kunne mai zubar ruwa da ake bari shekara da shekaru ana toshewa da auduga. Wasu yaran jin ya tafi gaba ɗaya, su maganar hannu da makarantar kurame ce hanyarsu, kuma hanya ce mai mutunci. Wasu kuwa da saura. Su na'urar ƙara ji za ta iya mayar da su cikin hira da aji.

Na'urar yara a bayan kunne take zama, da ɗan bututu da ke shiga wani matoshi na roba wanda aka zuba daidai da kunnen yaron, awo iri ɗaya da na mawaƙi. Bambancin shi ne kunnen yaro gudu yake yi. Jariri a shekararsa ta farko kusan kowane wata sai an sake masa matoshi. Mai shekara biyu ko uku, bayan 'yan watanni. Ɗan makaranta, aƙalla sau ɗaya a shekara. Na'urar kanta za ta yi shekara 5, matoshinta ba zai kai ko kusa ba.

'Yar wani maƙwabcinmu sanƙarau ya kayar da ita tana ƙarama. Ta tashi, amma sai an daka mata tsawa take juyowa. Wasu masu agaji suka zo Damagaram, uban ya kai ta, aka auna ta, aka ba ta na'ura kyauta. Ranar da suka dawo unguwa ta taru. Yarinyar na zaune a tabarma, wata ta buga taɓarya a turmi can bayan danga, ta zabura ta waiga. Uwar ta rufe fuska da gyale. Watannin da suka biyo baya kalmomin da suka ɓace mata suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Daga nan na'urar ta fara fito, wani siririn kuka da kowa ke ji ban da ita. Uwar ta aiko a kira ni, wai ni ɗan boko. Ta ce, "Malam, abin nan ya lalace, kuka yake yi sai an kashe shi." Ba abin da ya lalace. Yarinya ce ta girma. Matoshin ya yi mata kaɗan, sautin da aka tura ciki yana zurarowa ta gefe ya koma bakin na'urar, ta sake ƙara shi, ya sake zurarowa. In aka rage murya kukan ya tsaya, yarinyar kuma ta daina ji. Uban ya naɗa wa matoshin zare, ya yi kwana kaɗan, fatar kunnen ta yi ja. Ya koma inda aka ba su, masu agajin sun tafi, aka ce masa sai Yamai. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, daga can zuwa Yamai kusan 900, kuma ba tafiya ɗaya ake nema ba, kowace shekara ce. Ga batir ɗin da ba ya wuce mako ɗaya ko biyu, wanda ba a samunsa a tiren mai caja. Na'urar tana cikin gwangwani tare da katin awonta, lafiyarta ƙalau.

Ba na zargin waɗanda suka kawo ta da mugun nufi, alheri suka zo yi. Amma sun ƙirga na'ura, ba su ƙirga kunne ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a kan ji a 2021 ya ce a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 78 cikin ɗari ba su da likitan kunne ko ɗaya ga kowane mutum miliyan, kashi 93 kuma ba su da masanin ji ɗaya ga miliyan. Najeriya ta kafa cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna tun 1999, amma mai kiwo a Tarka ko Tenhiya, wanda ko zuwa Balbeji sai ya kwana da shiri, Kaduna da Makka kusan ɗaya suke a wurinsa. A irin wannan hali, tsawon ran abin da aka auna da jiki ba a kamfani ake yanke shi ba. Nisan da ke tsakanin kunne da mai awo ne ke yankewa. Mawaƙin Landan nasa zai yi masa shekara 10 don mai gyara yana bayan layi. Irin wannan abu a Damargu wata shida ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuba matoshi ba tiyata ba ce. Sana'ar hannu ce. Ana koya wa ma'aikacin jinya duba kunne da ɗaukar awo, kayan aikin kuma jaka ɗaya ta ishe su: fitilar leƙa kunne, soso, sirinji, roba mai haɗi biyu, ɗan injin goge gefe. Akwai ma robar da ake zubawa ta daskare a zama ɗaya ta zama matoshin kanta, ba sai an aika ko'ina ba. Ba ta kai ta kamfani ƙarko ba, amma ga yaron da zai fi ƙarfinta cikin watanni, ƙarko ba shi ne abin nema ba. Ƙasar da ta fitar da maƙeran da ke daidaita ice da bayan dabba ba za ta rasa hannun da zai iya wannan ba. Tun 2011 Balbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, a shekarar ce kuma aka buɗe matatar man SORAZ a kan hanyar Tanut. Abubuwa manya sun zo. Mutum ɗaya a asibitin Tanut, ɗaya a Balbeji, da ranar da aka sani a wata, wannan ƙaramin abu ne.

Mai aikin zai samu abin yi fiye da yara. Masu injin niƙa suna yini a ɗaki ɗaya da ƙarar da ba a iya magana a cikinta, ka ga saurayi ɗan shekara 30 sai an taɓa kafaɗarsa. Masu walda, masu gyaran gurub, makaɗan biki, duk matoshi suke buƙata, kuma su ba sai an auna su ba, soson toshe kunne na 'yan daloli ya wadatar in an murza shi an tura shi yadda ya kamata. Abin da na gaya wa ɗan ƙanwata ke nan. Na ce ya bar mafarkin ta miliyan, ya nemi mai bakin roba da ke zuwa da girma uku ya zaɓi wanda ya toshe, ya ja da baya daga gaban akwati, ya daina sa abu a kunne ɗaya yana ƙure shi. Ya ce, "To Kawu, in Allah ya buɗa fa?" Na ce in Allah ya buɗa, kafin ya tambayi kuɗinta ya tambayi inda za a sake auna shi.

Ga masu kawo agaji, duk wanda zai raba na'urar ji ga yara ya lissafa da matoshin shekara 5 da batirinsu da wanda zai zauna a nan yana aikin, ko da hakan zai sa ya raba 20 a maimakon 100. Ga iyaye kuma, in na'urar ɗanku ta fara fito kada ku ce ta mutu ku jefa ta a gwangwani. Ku duba ko dauɗa ta toshe kunnen, ko bututun ya tsage. In ba haka ba ne, matoshin ne ya yi kaɗan, shi za a sake, ba na'urar ba. Ku je asibiti ku tambaya, ku kuma tambaya, ku gaya wa shugabannin garinku, domin ba a tanadar wa gari abin da ba a ji mutanensa suna nema ba.